Makon da ɗalibai ke naɗe gari da tishu: yadda wata tsohuwar al'adar makaranta ke gwada amana a ƙananan garuruwan Amurka

A watan Satumban 2025 mazauna Heflin, wani ƙaramin gari a gabashin jihar Alabama ta Amurka, sun wayi gari sun tarar da farar takarda tana reto a kan bishiyoyi da shagunan kan babban titi, kamar an shanya likkafani a ko'ina. Takardar bayan gida ce, wadda muka fi sani da tishu. Wannan bai ba kowa mamaki ba, domin shekara da shekaru ɗaliban makarantar sakandaren gundumar Cleburne suna yin haka idan kaka ta kama. Abin da ya sa labarin ya fita daga gundumar shi ne inda yaran suka kai hannu a wannan karon: hedikwatar 'yan sandan garin, da rufinta, da motocin da ke ajiye a harabarta.

Shugaban 'yan sandan garin, Ross McGlaughn, bai kama kowa ba. Ya hau Facebook ya yi wa ɗaliban barazana cikin raha, cewa kada wanda ya zo da kuka idan jami'ansa suka yi shiri irin na samame suka dira gidajensu da nasu tishun. Ramuwar gayya, in ji Bahaushe, ta fi gayya zafi. Da watan Oktoba ya kama, 'yan sandan suka cika alkawari, bayan sun nemi izinin iyayen yaran. Tashar CBS ta ɗauki labarin, Amurkawa suka yi ta dariya, aka yi ta yabon garin da cewa ga wurin da hukuma da matasa suke zaman lafiya.

Labarin yana da daɗi, kuma babu laifi a ji daɗinsa. Sai dai wannan wasa da ya ƙare da dariya a Heflin, shi ne ya sa aka durƙusar da yara a kan titi a wani garin, aka kuma gurfanar da wani magidanci a kotu a wani. Takardar iri ɗaya ce, lokacin shekarar ɗaya ne, shekarun yaran ma ɗaya ne. Abin da ya bambanta shi ne wata yarjejeniya da ba a rubuta ba tsakanin manyan gari da ƙanana, da kuma su wa manyan suke ɗauka a matsayin 'ya'yan gari.

Bikin dawowa gida

Sai an fahimci makon da ake yin abin kafin a fahimci abin. Amurkawa suna kiran sa Homecoming, wato dawowa gida. A jami'o'i ya samo asali a farkon ƙarni na 20, kuma har yau ana jayayya kan wadda ta riga: Jami'ar Baylor ta Texas tana kafa hujja da 1909, ta Illinois da 1910, ta Missouri kuma da 1911, shekarar da daraktan wasanninta, Chester Brewer, ya gayyaci tsofaffin ɗalibai su dawo su kalli karawar da za a yi da Jami'ar Kansas. Daga nan al'adar ta gangaro makarantun sakandare, kuma a can ta fi yin jijiya.

A gari mai mutum dubu uku ko huɗu irin Heflin, makarantar sakandare ita ce ƙwaryar gari. Kakan yaro a nan ya yi karatu, uwarsa ma haka, mai shagon kayan gini da limamin coci da ɗan sandan da ke sintiri duk sun taɓa sanya rigar makarantar. Saboda haka idan makon ya zo, a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, gari ne gaba ɗaya yake motsawa. Kowace rana ɗalibai suna zuwa da irin shigar da aka ayyana, a yi jerin gwanon motoci da aka ƙawata, a zaɓi sarki da sarauniya daga cikin 'yan ajin ƙarshe. Daren Juma'a a buga ƙwallon Amurkawa, wadda ta fi kama da zari-ruga, washegari kuma a yi daren rawa. Wannan shi ne ɓangaren da makaranta take bugawa a takarda ta aika wa iyaye.

Akwai ɗaya ɓangaren da ba a bugawa. Yana farawa ne bayan an kashe fitilu.

Sakandaren Amurka shekara huɗu ce, daga aji na 9 zuwa na 12, yara 'yan shekara 14 zuwa 18. A jihohi da dama, musamman na tsakiyar ƙasar irin su Wisconsin da Minnesota da Illinois, 'yan aji na 11 da na 12 sukan ɗaura wa juna yaƙin wasa a wannan mako. Su cika mota, su sayo tishu katan-katan, su bi gidajen abokan hamayya cikin dare. Mai jifa yakan warware bakin naɗin kamar kamu biyu ko uku, ya riƙe, sannan ya wurga sauran ya tsallake reshe. Naɗin yana tafiya yana warwarewa, ya faɗo ta ɗaya gefen, wani ya cafe ya sake wurgawa. Yara goma za su iya lulluɓe bishiyoyin ƙofar gida cikin ɗan lokaci kaɗan ba tare da kare ya yi haushi ba. Gidajen irin waɗannan garuruwa galibi ba su da katanga, filin ciyawa ne a buɗe daga titi har bakin ƙofa, shi ya sa abin yake da sauƙi. A kudancin ƙasar ana kiran wasan da kalmar da ke nufin naɗewa, a arewa kuma da haruffan farko na sunan takardar a Turanci.

Me ya sa tishu? Yana da araha, ba ya fasa komai, kuma ƙaramin naɗi ɗaya yana ɗauke da tsawon da zai isa ƙawata reshe. Wahalarsa a kwashewa take. Wanda ya maƙale a ƙololuwar bishiya sai iska ta ga dama, idan kuwa aka yi ruwa kafin gari ya waye, sai ya narke ya manne kamar kunu. Akwai kuma wani abin dariya na tarihi: birnin Green Bay na jihar Wisconsin, ɗaya daga jihohin da al'adar ta fi ƙarfi, ya daɗe yana yi wa kansa kirari da babban birnin tishu na duniya saboda masana'antun takarda da ke cikinsa tun farkon ƙarnin da ya wuce.

Abin da baƙo ba zai gane da wuri ba shi ne cewa a mafi yawan lokuta naɗe gidan mutum karramawa ce. Gidan kyaftin ɗin 'yan ƙwallo ake zuwa, da na yarinyar da ake sa ran za ta zama sarauniya, da na malamin da ɗalibai suke so. Yaron da mako ya ƙare ba a taɓa bishiyar gidansu ba, shi ne wanda ba a san da zamansa ba. Don haka wasu iyayen da kansu suke sayen takardar, wasu ma su tuƙa motar. Jihar Alabama tana da nata babban misali a Jami'ar Auburn, inda magoya baya suke naɗe bishiyoyin wata mahaɗar titi mai suna Toomer's Corner duk sadda ƙungiyarsu ta ci wasa. Darajar wurin ta fito fili bayan 2010, lokacin da wani mai goyon bayan Jami'ar Alabama, tsohon ɗan sandan Texas, ya zuba wa bishiyoyin maganin kashe ciyawa, ya kuma kira wani shirin rediyo ya yi alfahari da aikinsa. Bishiyoyin suka mutu, aka sare su a 2013, shi kuma ya sha ɗauri, kotu ta kuma ɗora masa diyyar kusan dala 800,000. Yaran Heflin sun taso ne a jihar da ake makokin bishiya saboda tishun da ake rataya mata.

Abin da doka ta ce, da abin da gari ya yarda

A takarda, duk wannan laifi ne. Shiga filin mutum ba izini laifi ne, zubar da shara laifi ne, kuma garuruwa da yawa suna da dokar hana ƙananan yara yawon dare. Idan aka haɗa da ƙwai, wanda ke cin fentin mota, ko fenti, ko fasa wani abu, an shiga babin ɓarnata dukiya. Babu wata jiha da ta rubuta cewa an ɗage waɗannan dokoki a makon biki. Ana dai kawar da kai ne.

Wanda yake kawar da kan shi ne ya kamata mai sha'awar siyasa ya duba. Amurka ba ta da rundunar 'yan sanda guda ɗaya da ake ba umarni daga babban birni. Tana da hukumomin tsaro na cikin gida kusan 18,000, kuma kusan rabin rundunonin garuruwa ba su kai jami'i goma ba. Shugaban 'yan sandan ƙaramin gari yana ƙarƙashin magajin gari da majalisarsa ne, shugaban tsaron gunduma kuwa zaɓensa ake yi da ƙuri'a. Mutumin da zai yanke shawarar ko a kama ɗan shekara 17 da tishu a hannu, zai haɗu da uwar yaron a kantin sayayya gobe, kuma mai yiwuwa shi ma ya yi irin wannan ta'adi yana saurayi. Masu muhawara kan 'yan sandan jihohi a Najeriya za su ga fuska biyu na al'amarin a nan. Ɗan sandan da ya san kowa yana iya yin hukunci da hankali. Shi ɗin dai yana iya yin hukunci da sanayya, ya yafe wa ɗan wane, ya tsananta wa wanda bai san ubansa ba.

Masana halayyar al'umma sun daɗe da lura da irin wannan sassauci. Max Gluckman, wanda ya yi nazari a kudancin Afirka, ya rubuta a shekarun 1950 game da bukukuwan da ake barin na ƙasa su yi wa na sama tawaye na ɗan lokaci, ya kuma yi hujja cewa irin wannan tawaye ƙarfafa sarautar yake yi, tunda kowa ya san ranar da zai ƙare. Bahaushe ba ya buƙatar littafi kafin ya gane haka. Mun san tashe, inda daga goma ga watan azumi yara ke bin gidaje suna kwaikwayon tsofaffi da malamai da magidanta, su faɗi abin da a wata ranar zai jawo musu bulala, a kuma ba su kyauta a kai. Mun san Nalako a Kano da yadda yake farautar gwagware. Mun kuma ga yadda rundunar 'yan sandan Kano ta riƙa dakatar da tashe a shekarun baya-bayan nan, bisa hujjar cewa 'yan daba suna fakewa da shi. Wasan bai canza ba. Amanar da ke ɗauke da shi ce ta yi rauni, sai hukuma ta ga hanawa ta fi mata sauƙi.

A garuruwan Amurka ma yarjejeniyar tana da sharuɗɗan da kowa ya sani ko da ba a faɗa ba. Ba a taɓa gidan tsoho ko majinyaci. Ba a fasa komai. Idan mai gida ya kunna fitila, a gudu. Idan ya kama ka, ka dawo da safe ka kwashe. A ɓangaren manya kuma sharaɗin guda ne, amma shi ne ginshiƙi: wanda ya ga inuwa a ƙofar gidansa cikin daren wannan mako zai ɗauka ɗan maƙwabci ne.

Inda igiyar ke tsinkewa

Ba kowane magidanci ne ya sa hannu a wannan yarjejeniya ba, kuma ba a tambaye shi ba. A 2008, a garin Willmar na jihar Minnesota, wani mutum da ya gaji da abin da ake yi wa gidansa kowace shekara ya sanya tabarau mai gani cikin duhu, ya cika bindigar ruwa ta wasan yara da fitsarin yanyawa da aka sirka, ya laɓe, ya fesa wa matasan da suka zo. Shi aka tuhuma da laifin cin zarafi. Jaridu sun mayar da abin labarin ban dariya, amma ƙorafinsa na gaske ne: idan gari ya yanke cewa shiga filinka wasa ne, ina za ka kai ƙara?

Abin da ya faru a Baraboo ya fi wannan nauyi. Gari ne mai mutum kimanin 12,000 a jihar Wisconsin, hedikwatar gundumar Sauk, wanda ya yi suna a tarihi a matsayin mahaifar wasan nishaɗi na 'yan'uwan Ringling. A wani dare na makon bikin, cikin Oktoban 2022, ɗalibai biyar na makarantar sakandaren garin suka shiga mota da niyyar naɗe wani gida. Wasu magidanta uku suka tare motar. Ɗaya daga cikinsu yana riƙe da na'urar feshin wuta. Yaran sun shaida wa 'yan sanda cewa an fito da su, an sa su durƙusa a ƙasa, an yi musu barazana. Cikin mutanen uku akwai daraktan wasanni na makarantar da yaran suke, wato ma'aikacin da shirya wasannin wannan mako yake wuyansa. 'Yan sanda suka kama su ukun, makaranta ta tura daraktan hutun dole, daga baya mai gabatar da ƙara na gundumar ya gurfanar da mutum ɗaya kaɗai.

Mafi yawan yaran da ke cikin motar ba fararen fata ba ne, a garin da fararen fata suka fi rinjaye nesa ba kusa ba, kuma iyayensu sun fito sun ce launin fatar 'ya'yansu yana cikin abin da ya jawo musu wannan wulaƙanci. Ba za a iya shiga zuciyar mutum a karanta niyyarsa ba. Amma mutanen Baraboo suna da abin kwatance a hannu, domin shekara huɗu kafin nan sunan makarantar ya zagaya duniya. A Nuwamban 2018 wani hoto ya bazu, wanda aka ɗauka watanni kafin nan a gaban kotun gundumar, inda samari 'yan makarantar kusan 60, galibinsu farare, suka tsaya da yawansu sun miƙe hannu irin gaisuwar 'yan Nazi. Hukumar makarantun yankin ta ce ba za ta hukunta su ba, saboda kundin tsarin mulki ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma ba za ta iya sanin abin da ke ransu ba. A ganina wannan shi ne zuciyar lamarin. Gari ɗaya ya nuna yana da haƙurin da zai kira gaisuwar Nazi wautar ƙuruciya, sannan aka samu manya a cikinsa da suka fito da wuta saboda takardar bayan gida. Kalmar "yara ne" kyauta ce da manya ke bayarwa, kuma ba kowa ake miƙa wa ba.

Sai a ƙara bindiga a lissafin. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa akwai bindigogi miliyan 393 a hannun fararen hula a Amurka, wato kimanin 120 ga kowane mutum 100. Tun daga 2005, da Florida ta buɗe ƙofa, jihohi da dama sun faɗaɗa haƙƙin kare kai da makami ba tare da wajabcin ja da baya ba. Alabama ta bi sahu a 2006, Wisconsin kuma ta yi dokar da ke ba mai gida kariya ta musamman a 2011. Ya kamata a yi adalci a nan: babu ɗaya daga waɗannan dokoki da ta halatta harbin yaron da ke jifan bishiya da takarda. Ta Wisconsin, alal misali, tana magana ne kan wanda ya kutsa gida ko mota ko wurin sana'a da ƙarfi. Matsalar ita ce mutumin da ya farka ƙarfe ɗaya na dare ba sashen doka yake tunawa ba, abin da ya ji ana faɗa ne yake tunawa, cewa filinsa nasa ne. Kotu tana iya gyara masa fahimta daga baya, amma ba ta tayar da matacce. A Fabrairun 2014 a birnin Little Rock na jihar Arkansas, wani magidanci ya buɗe wuta kan motar matasan da suka watsa wa motarsa ƙwai da ganyaye, ya kashe yarinya 'yar shekara 15. An ɗaure shi shekara 30. A 2020 a California wani ya bi motar samarin da suka danna ƙararrawar gidansa suka gudu, ya banke su, uku suka mutu. Waɗannan biyun ba a makon bikin makaranta suka faru ba, amma su ne abin da ke ran uwar da ɗanta ya ɗauki makullin mota da katan ɗin tishu.

Hanawa, ko sanya linzami

Makarantu suna tsaka mai wuya. Abin a waje yake faruwa, da dare, a filin mutane, amma da sunan makaranta ake yin sa, kuma shugaban makaranta ake kira da safe. Ikonsu kan abin da ɗalibi ya yi a waje yana da iyaka. A 2021 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai takwas a kan ɗaya, ta ce wata hukumar makaranta a yankin Mahanoy na jihar Pennsylvania ta keta haƙƙin wata ɗaliba da ta dakatar daga tawagar masu ƙarfafa 'yan wasa saboda ashar da ta wallafa a Snapchat a ƙarshen mako, a wajen makaranta. Hukuncin kan magana yake, bai shafi ɓarna ba, amma ya sa lauyoyin makarantu taka-tsantsan. Abin da ya rage a hannun shugabanni shi ne gata: a hana yaro buga wasan Juma'a, a cire shi daga takarar sarauta, a hana shi shiga daren rawa. A ƙaramin gari wannan ba ƙaramin horo ba ne. Kusan kowace kaka ana ganin wasiƙun da makarantu da 'yan sanda ke fitarwa suna gargaɗi, kuma kusan kowace kaka bishiyoyi suna yin fari.

Fasaha ta shigo ta sauya lissafin ta fuska biyu. Ƙararrawar ƙofa mai kyamara, irin ta Ring da kamfanin Amazon ya saya a 2018, ta kashe sirrin da wasan ya dogara da shi. A da mai gida yakan yi zargi, ya yi murmushi, ya ɗauki tsintsiya. Yanzu yana da fuskar yaro da lambar mota a wayarsa kafin ya sauko daga gado, kuma idan ya sa hoton a zauren Facebook na unguwa, ɗan sandan da ya so kawar da kai ba shi da sauran hanya. A ɗaya ɓangaren, yaran da ke ɗaukar kansu don TikTok suna gasa da yaran wasu garuruwan da ba su taɓa gani ba, kuma tishu kaɗai ba ya jawo masu kallo. Daga nan ake zarcewa zuwa man shafawa a gilashin mota, da rubutun cin mutunci a ƙofar malami, da tseren mota a kan hanyoyin karkara marasa fitila. Wasan da ake yi wa wanda ake so yana iya juyewa ya zama hanyar muzguna wa wanda ba a so, kuma daga nesa duka biyun farar takarda ce a kan reshe.

Abin da Heflin ta yi shi ne zaɓi na biyu: maimakon hanawa, hukuma ta shiga wasan. Ya dace a lura da abin da shigarta ta kawo. 'Yan sandan sun nemi izinin iyaye kafin su taɓa gida. Shaguna suka shiga bayar da takardar. Har wata ƙungiyar matasa ta ɓullo da inshorar wasa, ka biya kuɗi kaɗan, idan aka naɗe gidanka su zo su kwashe. Duk wannan ya mayar da yarjejeniyar baka ta zama mai shaidu, ya kuma rage yiwuwar wani ya firgita cikin dare. Ina ganin ya fi hankali fiye da kama yara. Amma kada a ruɗu: tawayen da shugaban 'yan sanda yake cikinsa ya zama biki, kuma Gluckman zai gane shi da kallo ɗaya. Rundunar ta samu abin da kuɗin talla ba zai saya mata ba, a ƙasar da sunan ɗan sanda ya ɓaci a idon matasa da yawa tun bayan kisan George Floyd a 2020. Kuma gundumar Cleburne wuri ne da kusan kowa farar fata ne, inda jami'i da ɗalibi suke iya haɗa kaka. Ko ayarin 'yan sanda da suka yi shigar samame za su iya tsayawa a ƙofar wani gida a unguwar baƙaƙen fata ta Birmingham, mai nisan tafiyar da ba ta kai awa biyu ba a kan babbar hanya, a ɗauke shi wasa, tambaya ce da labarin CBS bai taɓo ba.

A garuruwan da suka zaɓi tsanantawa, farashin kan faɗa kan yara ne gwargwadon jihar da suke. A Alabama sai mutum ya kai 18 kafin a ɗauke shi babba a yawancin laifuffuka. A Wisconsin, kamar Texas da Jojiya, ɗan shekara 17 babba ne a gaban kotun laifi. Mafi yawan 'yan ajin ƙarshe a watan Oktoba shekarunsu 17 ne. Idan ɗan sanda ya rubuta takardar tarar gari, iyaye su biya a wuce wurin. Idan mai gida ya kawo rasit ɗin fentin mota, mai gabatar da ƙara ya kira abin ɓarnar dukiya, shari'ar a kotun manya za a yi ta, sunan yaron ya shiga rajistar kotunan jihar da kowa ke iya bincikawa a intanet, a daidai watannin da yake cike takardun neman jami'a ko shiga soja.